Ƙyanƙyasar atimiya a gorar roba, cikin hunturun Kano

Asabar, 16 Disamba 2023

Kifayen anjel (wani irin kifin ado) biyu da na ware a akwatin gilashi na daban sun fara share tayil ɗin da na jingina musu. Suna goga baki a jikinsa daga sama zuwa ƙasa, kuma ko hannuna na sa cikin ruwan sai namijin ya kawo cizo. Alama ce ta ƙwai ya kusa. Ke nan lokacin shirya abincin 'ya'yan ya yi, domin jaririn anjel ba ya kula garin abinci a kwanakinsa na farko. Abin da ke motsi yake bi, kuma dole ya zama daidai bakinsa.

Abin da masu kiwo a ko'ina suka dogara da shi a wannan gaɓa shi ne atimiya, wata 'yar halitta dangin jatan lande da ke rayuwa a tafkunan da gishirinsu ya yi yawan da kifi ba zai iya zama ba. Idan yanayi ya tsananta, matan sukan saki ƙwai mai ɓawo mai tauri, ya bushe, ya yi shekaru a haka ba tare da ya mutu ba. Ranar da ya sake shiga ruwan gishiri mai ɗumi, sai ya farka. Babban tafkin gishiri na jihar Utah a Amurka yana cikin manyan wuraren da ake kwaso shi. Ƙwan yana taso wa saman ruwa jere-jere, jiragen ruwa su bi shi su kwashe daga Oktoba zuwa Janairu, a wanke, a busar, a zuba a gwangwani. Ana kuma samo shi daga Sin da Rasha da Kazakistan. Tun 1933 wani ma'aikacin gidan ajiye kifi na San Francisco, Alvin Seale, ya nuna cewa jariran wannan halitta abinci ne mai kyau ga ƙananan kifi, kuma har yau masu ƙyanƙyasa ba su rabu da ita ba.

A nan Kano masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ne suka sa ake samunta. Na je shagon kayan kiwon kifi na tambaya, mai shagon ya ɗauko gwangwani mai giram 425, ya ce, "Malam, tarwaɗa nawa za ka fasa?" Na ce kifin ado ne, uwa ɗaya. Ya mayar da gwangwanin kan kanta yana dariya, ya ce, "To kai da cokali zan auna maka." Gaskiyarsa. Giram ɗaya kawai yana ɗauke da ƙwai sama da 200,000. Na juye abin da ya ƙulla mini a leda cikin ƙaramar kwalba mai murfi, na sa a firij. Laima ce babbar abokiyar gābar wannan ƙwai.

Litinin, 18 Disamba

Yau na haɗa gorar gwaji. Ina so in san halin ƙwan da halin ɗakina tun kafin a sami bakin da ke jiran abinci.

Gorar ruwan sha ce mai lita ɗaya da rabi. Na yanke gindinta, na kifa ta, bakinta yana ƙasa da murfinsa a rufe, na zaunar da ita cikin gindin da na yanke. Amfanin kifawar shi ne ƙasan ya tsuke, don haka ƙwai ba shi da lungun da zai kwanta. Na zura siririn tiyo daga famfon iska har ƙasan murfin. Ban sa dutsen kumfa ba, saboda ƙananan kumfa suna manne wa ƙwan su ɗaga shi sama, ya maƙale a jikin gora ya bushe. Manyan kumfa ake so, masu juya ruwan gaba ɗaya.

Ruwan burtsatse lita ɗaya, gishiri giram 25, wato wajen babban cokali ɗaya da rabi. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 a lita, amma ƙyanƙyasa ba ta buƙatar kaiwa can. Gishirin girki na kasuwa na sa, mai sinadarin ayodin. Akwai masu cewa kada a yi amfani da shi. Zan gani da idona. Mai amfani da ruwan famfo ya bar shi ya kwana a buɗe da iska a ciki, kulorin ya fita.

Ƙwai rubu'in ƙaramin cokali. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a wuce giram 2 a lita, ni kuwa ko ɗaya ban kai ba. Na kunna ƙwan fitila a gefe, domin haske yana cikin abubuwan da ke tayar da ƙwan bayan ya jiƙa. An fara da ƙarfe tara na dare.

Laraba, 20 Disamba

Jiya da tara na dare awa 24 ta cika, babu komai sai ƙwai yana yawo. Da asuba na tsoma ma'aunin zafi, ya nuna digiri 19. Sai yau da hantsi na fara ganin 'yan ɗigo masu ruwan lemo suna tsalle-tsalle a jikin gora, su ma ba da yawa ba.

Abin da ake so shi ne digiri 25 zuwa 28. A haka yawancin ƙwan yake fashewa tsakanin awa 18 da 24. Da zarar an sauka ƙasa da 25, aikin yana ja, kuma ba jinkirin kaɗai ne matsala ba: ƙwan ba ya fashewa tare. Wasu su fito da safe, wasu da yamma, kafin na ƙarshe su fito na farko sun tsufa. Lita ɗaya ta ruwa ba ta riƙe zafi, iskar da famfo ke hurawa kuma iskar ɗaki ce mai sanyi, tana ƙara sanyaya shi dare duka.

Na roƙi uwargida kularta ta ƙanƙara. Ta ce, "Yanzu kifin har kula yake ci?" amma ta bayar. Na zuba ruwa zuwa rabi, na sa ƙaramar hitar akwatin kifi a ciki, na saita ta a 27, na tsayar da gorar a tsakiya. Hitar tana ɗumama ruwan kula, ruwan kula yana ɗumama gora. Na ɗora murfin a karkace, na rataya fitilar caji ta leƙa ciki.

Juma'a, 22 Disamba

Bayan la'asar macen ta fara zuba ƙwai a jikin tayil layi-layi, namijin yana bin bayanta. Kafin magariba sun gama. A digiri 27 ƙwan anjel yakan fashe cikin kwana biyu zuwa uku, sannan 'ya'yan su yi wajen kwana biyar a manne wuri ɗaya suna shan gwaiduwar cikinsu. Lissafina, ranar 29 ko 30 ga wata za su tashi neman abinci.

Gorar kula ta yi kyau sosai. Na sa ƙwai jiya da tara na dare, yau da azahar na hango wasu suna rataye a ƙarƙashin ɓawonsu, ba su gama fita ba. Zuwa isha'i ruwan ya koma ruwan lemo. Gishiri mai ayodin bai hana komai ba a wurina.

Ƙari, washegari: an ɗauke wuta da tsakar dare, ba ta dawo ba sai da gari ya waye. Zafin kula ya sauka kaɗan ne kawai, abin da aka yi ta dominsa ke nan. Iska ce ta tsaya. Jariran da na bari a gora suka taru a ƙasa inda ya tsuke, suka shaƙe juna, da safe ruwan yana wari. Wannan siffar ta gora da ke taimako idan famfo yana aiki, ita ce tarko idan ya tsaya. Gobe zan nemo famfon iska mai aiki da batirin cajin waya.

Litinin, 25 Disamba

Ƙwan anjel ya fashe jiya da dare. Iyayen sun kwashe 'ya'yan da baki sun mayar da su ɗaya gefen tayil, suna rataye da kai, jela tana kaɗawa. Ba a ba su komai yanzu.

Na sami famfon, kuma yana kwana yana aiki a kan batir ɗaya.

Na yi amfani da kwanakin jiran wajen duba tsamin ruwa. Ƙwan atimiya yana son ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, ya kai 8 ko ya ɗan wuce, domin sinadarin da ɗan yake fitarwa ya narkar da fatar da ke lulluɓe da shi ya fi aiki a haka. Ruwan burtsatsenmu ya nuna wajen 7 a takardar gwaji. Abin da aka saba ƙarawa shi ne sodar yin kek, rubu'in ƙaramin cokali a lita. Ni kuma sai na tuna da kanwa, wadda asalinta ma gishirin soda ne da ake haƙowa a yankin Tafkin Cadi da ƙasar Manga. Na jiƙa 'yar ƙanƙanuwa, na bari ta kwanta, na tsiyaye ruwan sama yadda ake yi in za a sa a miya, na ɗiga a gora ɗaya, ɗayar kuma na sa soda.

Duka biyun sun ƙyanƙyashe. Amma kanwa tana da ƙarfi, kuma wannan gutsuren ba ɗaya yake da wancan ba. Ɗigo kaɗan ya wuce da takardar zuwa 9. Mai takardar gwaji zai iya aiki da ita. Wanda ba shi da ita ya tsaya a kan soda, domin ita ko an ɗan zarce ba ta wuce takwas da ɗoriya.

Alhamis, 28 Disamba

Raba jarirai da ɓawo shi ne aikin da ya fi cin hankali, kuma shi mutane suka fi yi wa sakaci. Ɓawon ba ya narkewa a cikin ɗan kifi, yana iya toshe masa hanji, ga shi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Yadda nake yi: in fito da gorar daga kula, in cire tiyon iska, in lulluɓe samanta da baƙin ƙyalle, in haska tocila a ƙasa wajen wuyanta. Cikin minti biyar zuwa goma abin ya kasu uku. Ɓawon da babu komai ciki ya taso sama. Ƙwan da bai fashe ba ya kwanta a cikin murfi. Jariran kuwa masu bin haske ne, sai su taru a wuyan gora, ɗan sama da murfin. Nan nake zura tiyo in zuƙo su. Kada a wuce minti goma, don babu iska a lokacin kuma sun cunkushe.

Abin tacewa ya ɗan ba ni wahala. Jaririn atimiya bai kai rabin milimita ba, matacin shayi kuwa wucewa yake yi ta cikinsa. Abin da ya yi mini aiki shi ne ƙyallen tatar koko, sabo, na ɗaure a bakin kofi. Bayan an tace sai a ɗauraye da ruwa mai daɗi, wato marar gishiri. Ruwan ƙyanƙyasa ba ya shiga akwatin kifi ko kaɗan: gishiri ne da ƙazanta. Kuma ba na maimaita shi. Kowane zubi sabon ruwa, a wanke gora har santsin jikinta ya fita.

Tun yau na sa gora ta biyu. Ɗaya ina sa mata ƙwai da safe, ɗaya da dare.

Asabar, 30 Disamba

Sun tashi. Da safe na tarar da su sun bar tayil, suna yawo a dunƙule kewaye da iyayen. Na bari zuwa hantsi, sannan na ɗiga musu atimiyar da ta fito da asuba, da sirinji marar allura, daidai tsakiyarsu.

Da farko kallo kawai suke yi. Sai ɗaya ya lanƙwasa jiki ya kai cafka, sauran suka bi. Kafin rabin awa cikinsu ya yi ja kamar an ɗura musu manja. Wannan ne ma'aunina daga yanzu: jikinsu garau yake, ana ganin abin da suka ci. Wanda cikinsa fari ne bai ci ba.

Ƙanena ya shigo ya tarar da ni a tsugune gaban gilashi, ya ce, "Yaya, wai duk wannan hidimar saboda abin da ba a gani sai an ƙura ido?" Na miƙa masa sirinjin. Bai tashi ba sai da aka kira azahar.

Talata, 2 Janairu 2024

Abin da ya sa na dage a kan gora biyu shi ne lokaci. Jaririn atimiya yana fitowa ne da guzurin gwaiduwarsa, bakinsa bai buɗe ba tukuna. Wannan guzurin shi ne abincin da nake nema wa kifina. Amma shi ma yana ƙona shi ne da iyo, kuma cikin awa shida zuwa takwas a ruwa mai ɗumi sai ya yi saɓa, ya ƙara tsawo, ya ƙara sauri, launinsa ya dusashe. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da ke jikinsa ya tafi ke nan. Ga ɗan kifi mai kwana uku da tashi, wannan asara biyu ce: abincin ya rage amfani, kuma ya fi wuyar kamawa. Mutum zai iya cika gora da atimiya mai kwana biyu yana ɗiba yana bayarwa, yana ganin yana ciyarwa, alhali kusan fanko yake zubawa.

Shi ya sa ban yarda da masu zuba cokali cike a babban bokiti su yi kwana uku suna ɗiba ba. Kaɗan-kaɗan, sau biyu a yini, ya fi arha kuma ya fi kyau.

Ina ciyarwa da safe, da azahar, da la'asar, da kuma bayan isha'i. Na safe da na dare sabuwa ce daga gora. Na tsakiya kuwa daga firij: idan na tace ta safe, sai in raba, in zuba rabi a faranti mai faɗi da ɗan sabon ruwan gishiri marar zurfi, in sa a ƙasan firij, ba wajen ƙanƙara ba. Sanyin ƙasa da digiri 10 yana sa su lafa, ba sa saɓa, ba sa ƙona guzurin. Da sun ji ɗumin akwati sai su farfaɗo.

A ruwa mai daɗi awoyi kaɗan suke yi su mutu. Duk abin da kifin bai ci ba zai ruɓe a ƙasa, don haka kowace yamma ina zuƙe ƙasan akwatin da siririn tiyo zuwa farin bokiti, in duba ko na zuƙo ɗan kifi, sannan in mayar da sabon ruwa mai ɗumi ɗaya da na ciki.

Asabar, 6 Janairu

Na cire iyayen jiya, don 'ya'yan sun fara tsattsagar jikinsu.

Yau na gwada cire ɓawon ƙwan tun kafin ƙyanƙyasa. Masu bincike a Jami'ar Ghent ta Beljiyam, ƙarƙashin Patrick Sorgeloos, su suka yaɗa wannan dabara a ƙarshen shekarun 1970. Ana jiƙa ƙwan awa ɗaya a ruwa mai daɗi da iska. Busasshen ƙwai a lotse yake, sai ya sha ruwa yake zama ƙwallo, kuma sai a haka ruwan bilic yake cin ɓawon ko'ina daidai. Daga nan a tace, a zuba a ruwan bilic na wanki wanda ba a sa wa ƙamshi ba, a surka da ruwan sanyi, a yi ta juyawa. Launin yana tashi daga ƙasa-ƙasa zuwa toka-toka, sannan ruwan lemo. Nawa ya juya cikin 'yan mintuna. Da ya juya ba a jira: a juye a ƙyalle, a yi ta ɗauraya har warin ya ɓace. Haɗin yana fitar da zafi, kuma idan ya kai digiri 40 ɗan da ke ciki ya mutu, shi ya sa na zaunar da kofin cikin kwanon ruwan sanyi. Bayan ɗauraya sosai ne ake tsoma shi a ruwa mai ɗan khal don kashe ragowar bilic, a sake ɗaurayewa. Khal da bilic kada su haɗu kai tsaye, iskar da suke fitarwa guba ce. A tsakar gida na yi.

Sakamakon: babu ɓawo a saman gora, tacewa ta zama wasa. Amma ƙwan da aka fere ba ya tasowa, nutsewa yake, sai na ƙara ƙarfin iska. Na kuma gwada ba kifin shi haka nan ba tare da ya ƙyanƙyashe ba. 'Ya'yan tarwaɗa suna cinsa sosai, don su a ƙasa suke kiwo, da gashin baki suke lalube. Nawa kuwa suka bi shi da ido har ya kai ƙasa, suka juya.

Ga mai rubu'in cokali irina, wahalar ta fi ribar. Tocila da baƙin ƙyalle sun ishe ni. Mai fasa tarwaɗa dubbai shi ya kamata ya koyi wannan.

Laraba, 10 Janairu

Na koma shago ƙaro ƙwai, kuɗin cokali ya ƙaru. Mai shagon ya ce, "Malam, da dala ake sayo shi, ni ma haka na tarar." Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake shigowa da shi haka yake. Can ma inda ake kwaso shi ba lafiya lau ba. Tafkin Utah ya ja baya zuwa mafi ƙarancin ruwa da aka taɓa aunawa a Nuwamban 2022, gishirinsa ya ƙaru har aka ji tsoron atimiyar kanta za ta kasa jurewa.

Wannan sabon awon bai kai na farko fashewa ba, ƙwai da yawa yana kwance a murfi bayan awa 24. Ina zargin gwangwanin ya daɗe a buɗe a kan kanta. Na ƙara masa awa shida, an ɗan samu ƙari. Mai sayen awo ya tambayi yaushe aka buɗe gwangwani da kuma inda ake ajiye shi. A gida kuma, idan an fito da kwalba daga firij a bari ta huce kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan ƙwan.

Ragowar jariran da ke saura a gora na fara juye su a wata roba mai faɗi a bayan ɗaki, da ruwan gishiri giram 35 a lita, ina ɗiga musu yis da aka dama, kaɗan ƙwarai, sai ruwan ya washe in ƙara.

Lahadi, 21 Janairu

'Ya'yan sun yi mako uku da tashi. Fukafukan sama da na ƙasa sun fara miƙewa, siffar anjel ta fito. Na raba su akwati biyu, don cunkoso yana lanƙwasa musu fukafuki.

Wasu 'yan halittu masu siraran hannaye, haidira, sun bayyana a jikin gilashi. Atimiya suke ci su ma, kuma yawansu alama ce ta ina zuba fiye da kima. Na rage, ina goge su da soso idan na zo canjin ruwa.

Yaye ya fara. Da safe, lokacin da suka fi jin yunwa, ina fara ba su garin abincin kifi da na niƙa a tafin hannu, sai bayan rabin awa atimiya ta biyo. Manyan cikinsu sun karɓa, ƙananan suna tofarwa. Na tsayar da gorar safe, ta dare kaɗai ke aiki, kuma za ta ci gaba har ƙananan su kama gari.

Atimiyar robar bayan ɗaki kaɗan ne suka rayu, sanyin dare ya rage su, amma waɗanda suka tsira sun kusa santimita ɗaya, suna iyo a rigingine. Na kama wasu na ɗauraye na ba iyayen. Ba hanyar samun ƙwai ba ce, abin marmari ne kawai ga manyan kifi.

Zubi na gaba zai faɗo ne wajen Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kaiwa digiri 40. A nan matsalar za ta juye, domin ƙwan yana daina fashewa idan ruwa ya wuce digiri 33 ko makamancin haka. Shirina shi ne in cire hitar, in bar gorar a cikin kula da ruwan randa, in riƙa sa ƙwai da magariba don mafi yawan aikin ya faɗa cikin dare. Zan fara auna zafin kular da rana tun ƙarshen Fabrairu.